Hannun Jarin Levi Mai Fenti

A unguwar Yelwa, idan ka ce Levi mai fenti, ko masu keke napep da suka zo Mubi bara sun san inda za su sauke ka. Gindin wata tsohuwar darbejiya ne a bayan tashar manyan motoci, inda ƙasa ta sha fenti kala-kala har ta manta asalin launinta. Can yake aiki tun yana saurayi. Daga duwatsun Michika ya gangaro, ɗan ƙabilar Kamwe ne, ɗan manomi. Mahaifinsa ya haƙura da shi a gona saboda yakan tsaya a tsakiyar kunya da fartanya a hannu yana kallon gajimare har rana ta take. A Mubi ya koyi Hausa, irin tamu ta nan wadda ba ta cika damuwa da ko abu mace ne ko namiji ba, kuma a nan ya gano akwai masu biyan mutum don ya zana abin da yake gani idan ya yi shiru.

Bayan gingimari shi ne allonsa. Direbobin da ke ɗaukar shanu daga kasuwar dabbobi ta Tike zuwa kudu sukan kawo masa mota su ce ya rubuta sunansu da wata gajeriyar addu'a. Sai ya rubuta. Sauran filin kuwa nasa ne. Yakan zana tafki a ƙarƙashin tsauni, ko zaki kwance kusa da barewa babu mai kula wani, ko jirgin ruwa, shi da bai taɓa ganin teku ba. Wani lokaci buroshi na hannunsa, fenti na ɗiga a kan takalminsa, sai ya tsaya cak yana kallon duwatsun gabas. Direbobi sun saba, sukan je su sha shayi su dawo.

Matarsa Miriyamu tana sayar da atamfar Kamaru a kasuwa. Ita ce mai tuna ranar kuɗin makaranta da ranar da gishiri zai ƙare. Ba ta taɓa ƙoƙarin canza shi ba, iyaka dai idan ya yi nisa a tunani takan taɓa kafaɗarsa ta ce tuwo na hucewa.

Babban abokinsa Alhaji Hammanjoda ne, Bafillace mai fataucin shanu, wanda motocinsa biyu duk Levi ne ya yi musu ado. Ya girmi Levi da 'yan shekaru. Sobajo yake kiransa, wato aboki. A shekarun da aka yi ta buɗe ƙananan bankunan al'umma, Hammanjoda yana cikin 'yan kasuwa da malaman makaranta da manoman da suka haɗa hannu suka kafa na garin, suka sa masa suna Bankin Kwarin Dutse. Ɗaki uku ne da baranda. Da aka zo maganar allon suna, Hammanjoda ya kawo abokinsa. Levi ya yi kwanaki a kan allon, ya zana tsaunuka biyu da ruwa na gangarowa tsakaninsu, ya shimfiɗa sunan da kore a sama. Da aka tashi biyansa, sai aka ce kuɗin da ke hannu na ajiyar mutane ne, amma za a ba shi hannun jari a madadin ladan aikinsa.

Miriyamu ba ta ji daɗi ba. Ta ce hannun jari ba ya shiga tukunya. Levi kansa bai san abin da aka ba shi ba, sai da Hammanjoda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce kamar watanda ne, mutane su haɗa kuɗi su sayi saniya, sai dai wannan saniyar ba yanka ta ake yi ba, tatsa ake yi duk shekara, kowa ya samu nono daidai da rabonsa.

Levi ya tafi da maganar gida, amma ba saniya ya gani ba. Ginin ya gani. Ya yi ta tambayar kansa wane yanki ne nasa a ciki, ƙarshe ya yanke cewa tagar gabas ce, wadda hasken safe ke shigowa ta cikinta ya kwanta a kan bencin masu jira. Daga nan, idan aiki ya yi sauƙi, sai ya wanke hannunsa da kananzir ya je ya zauna a bencin. Ba ajiya ya kai ba, ba cira ya je yi ba. Yakan kalli mata masu man gyaɗa suna kwance bakin zane, da Fulani masu sanda a kafaɗa, da ɗalibai masu jiran saƙo daga gida, yana jin kamar baƙinsa ne duka. Ma'aikatan sun san shi, ba mai ce masa ya tashi.

Bankin ya yi ta girma a hankali. Ya buɗe reshe a Michika, ya buɗe a Hong, daga baya har Yola. Duk shekarar da aka raba riba, ɗan abin da ya zo wa Levi yakan raba shi biyu, rabi ya sayi fenti, rabi ya ƙara hannun jari, domin Hammanjoda haka yake yi. 'Yarsu Beauty ta girma, ta yi karatun jinya, ta yi aure a Gombi. Allon ya koɗe sau uku, sau uku yana sabunta shi.

Sai shekarar 2014 ta zo, 'yan bindiga suka shiga garin. Levi da Miriyamu suka fita da ƙafa tare da dubban mutane, suka bi ta duwatsu suka tsallaka Kamaru, daga can suka zagaya Yola. Ba ya son ba da labarin wannan tafiya. Abin da kawai yake faɗa shi ne gero ya nuna a gonakin da suka ratsa, ba mai girbi, tsuntsaye sun yi ta biki. Da suka dawo bayan watanni, suka tarar an ƙone bankin. Tagar gabas ta zama baƙin rami.

Shekarun da suka biyo baya ba riba ko kaɗan. Bankin ya koma aiki a wani shagon haya, mutane da yawa suka sayar da hannun jarinsu a kan abin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Levi bai sayar ba. Ba wai ya hango wani abu ba ne, tunanin sayarwar ne bai zo masa ba, kamar yadda ba ya zuwa wa mutum ya sayar da sunan kakansa. Ya samo falle ɗaya na kwano, ya sake zana tsaunukan biyu, ya kai shagon ya kafa ba tare da an sa shi ba.

Garin ya farfaɗo. Shanu suka dawo Tike, masu canjin sefa, kuɗin Kamaru, suka dawo bakin kasuwa, bankin ya gina sabon ofis mai hawa biyu, ya sa allon roba mai fitila a ciki wanda aka yo daga Legas. Levi bai yi fushi ba. Aikinsa ma ya ragu ta ko'ina, don yanzu inji ke buga talla a kan leda cikin awa guda. Abin da ya fi damunsa idonsa ne. Sannu a hankali duniya ta fara yi masa kamar ana kallonta ta cikin ruwan kunu. Duwatsun gabas suka zama inuwa, fuskokin mutane sai sun matso. Ya daɗe bai faɗa wa kowa ba, don a gaskiya akwai abin da ya so a ciki. Komai ya yi laushi, fitilun motoci da yamma suna buɗewa kamar furanni, mutane suna fitowa daga hazo su sake komawa. Miriyamu ce ta gane, ranar da ya gaishe da turmi a tsakar gida yana zaton maƙwabciyarsu ce a tsugune. Beauty ta zo ta duba, ta ce yana ce a ido biyun, aiki ne da ake yi a Yola, mutum ya warke, amma da kuɗi.

A daminar wannan shekarar ne Abdulrashid ya zo garin. Matashi ne ɗan Yola, dillalin hannun jari, wani kamfani ya turo shi ya sayi na Bankin Kwarin Dutse daga hannun tsofaffin da suka riƙe shi tun farko. Aka nuna masa gindin darbejiya. Ya gaishe da Levi da ladabi, ya zauna a kan galan ɗin fenti, ya ce kamfaninsu na sayen kowane hannu a kan naira goma.

Levi ya tambaye shi yadda aka yi aka san goma ce, ba tara ba, ba ashirin ba. Shi da ya saba sayen fenti ya san abin da ke cikin gwangwani, amma wannan ba a buɗe shi a leƙa.

Abdulrashid ya ji daɗin tambayar. Ya ce hanyar da suka fi bi mai sauƙi ce. A duba ribar da bankin ya ci a shekara, a raba ta a kan dukan hannayen jari, a ga abin da ya faɗo wa kowane hannu. Bara naira biyu ce. Sai a raba farashin da wannan riba. Goma a raba da biyu, biyar.

"Biyar ɗin me?" in ji Levi.

"Shekaru, Baba. Wanda ya saya a goma, in riba ta tsaya yadda take, sai bankin ya yi shekara biyar yana aiki kafin ya samar masa abin da ya biya."

Ya ƙara da cewa lambar ita kaɗai ba ta cewa komai sai an jera ta da ta wasu. Bankuna masu girman wannan a wasu jihohi ana sayen nasu a kan ribar shekara bakwai. Na nan ya tsaya a biyar ne saboda masu kuɗi a Legas har yanzu in sun ji sunan Mubi, wuta suke tunawa. Bai ɓoye masa ba cewa ƙaramar lamba na iya nufin abu ya yi araha, tana kuma iya nufin tsoron mutane na da dalili. Ya ce ribar bara ma akwai kumburi a cikinta, don faɗuwar naira ta sa sefa da dalar da bankin ke riƙe da su suka yi tsada, kuma ba kowace shekara ake samun haka ba. A shekarun da ba riba kuwa, wannan lissafi ba ya yiwuwa sam, don ba abin da za a raba da shi.

Levi ya ji farkon maganar da ƙarshenta, amma a tsakiya ya ɗan tafi. Kalmar shekaru ce ta ɗauke shi. Ashe mutanen da ke cikin dogayen gine-ginen Legas shekaru suke saye da sayarwa, shekarun da ba su zo ba tukuna. Ya ga shekaru biyar ɗin a jere kamar shanu a hanyar mayo, wato rafi, kowace da nata tafiyar, ta farko kusa har ana ganin ƙahonta, ta ƙarshe can cikin ƙura. Sai da Abdulrashid ya yi gyaran murya ya dawo. Ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani.

Ya yi kwanaki yana yawo a gari da ƙafa, a hankali, saboda idon. Ya tsaya wajen injin matsar gyaɗa da wasu mata suka saya da rancen bankin, ya saurari ƙararsa. Ya tsaya a tasha yana jin ana loda shanu. Wani mai babur da ya ɗauko shi ya ce masa ko a ƙauyen Betso yanzu manoma ta waya suke karɓar kuɗin wakensu. Bai san yadda ake mai da waɗannan abubuwa lamba ba, ya dai ji a jikinsa cewa daga nan naira biyun take fitowa, kuma bai so ya rabu da ita. Ya gaya wa Miriyamu wataƙila ya bar idon haka, ai ya saba.

Miriyamu na ninke atamfa, ba ta ɗago ba. "Baban Beauty, kana ta lissafin shekarun banki. Naka fa? Nawa ka ga sun rage da za ka zauna a cikin hazo?"

Washegari ta je da kanta gidan Hammanjoda ta faɗa masa komai. Alhaji ya tsufa sosai a lokacin, ƙafa ta ƙi, 'ya'yansa ke zuwa Tike. Amma da la'asar sai ga shi a keke napep a gindin darbejiya, ya kuma aika aka kira Abdulrashid don ya zama shaida. Bayan gaisuwa ya ce ya ji sobajo zai sayar da kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa, to shi zai saya, a kan ribar shekara bakwai kamar na sauran jihohi, wato naira sha huɗu.

Levi ya ce bai yarda ba, kuɗin sun yi yawa.

Mu da muke wurin mun sha ganin ciniki a Mubi, amma ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Mai saye na ja sama, mai sayarwa na ja ƙasa, kuma kowa da gaske yake. Levi ya ce ribar bara kumburin sefa ce, yaron nan ma ya faɗa, in aka cire ta goma ɗin ma ta isa. Hammanjoda ya ce shi ya shekara hamsin yana sayen dabba, ya san bambancin saniya marar lafiya da saniyar da aka yi wa mummunan suna. Ya ce bankin ya buɗe reshe a Maiha, matasa na shiga, ribar gaba za ta fi ta baya, tsoron mutanen Legas kuma ba ciwon bankin ba ne. Levi ya ce wuta ta taɓa ci sau ɗaya, ba wanda ya isa ya rantse ba za ta sake ba. Suka juya wajen Abdulrashid. Shi kuwa cinikin ya riga ya kuɓuce masa, amma dariya yake ƙoƙarin dannewa. Ya ce dukansu suna da gaskiya, shi ya sa ma ake samun mai saye da mai sayarwa a rana ɗaya.

Can Levi ya ce a hankali, "Alhaji, sadaka kake so ka ba ni ka sa mata rigar ciniki."

"Sobajo, in sadaka ce da na aiko yaro da ita cikin ambulan. Na zo da ƙafata ne don ina son kayan."

Aka tsaya a ribar shekara shida, naira sha biyu. Suka tafa, Hammanjoda ya ce Allah ya sa albarka, Levi ya ce amin. Abdulrashid ne ya yi musu duk zirga-zirgar sauya suna, bai karɓi ko kwabo ba, ya ce labarin da zai kai Yola ya ishe shi lada.

An yi aikin ido ɗaya bayan kaka, ɗayan bayan Kirsimeti. Ranar da aka cire masa auduga, abin da ya fara ba shi mamaki shuɗi ne. Rigar ma'aikaciyar jinya, bokitin roba a lungu, sararin sama ta taga, duk suka yi masa ƙara a ido. Ashe shekaru ke nan yana ganin duniya da ruwan ɗorawa a kanta bai sani ba. Ya juya ya ga Miriyamu a bakin gado, ya ga furfurar da ta fito mata a gefen ɗankwali da layukan da ke gefen bakinta, waɗanda hazo ya ɓoye masa. Ya daɗe yana kallonta har ta tsargu ta ce ya daina, mutane na gani.

Da ya dawo Mubi ya ga motocin da ya yi wa fenti a shekarun ciwon. Sararin samansu duk ya yi shuɗi mai tsanani, kusan baƙi, don ya yi ta ƙara kala yana zaton bai kama ba. Ya roƙi direbobin su bari ya gyara kyauta. Ɗaya ya yarda. Sauran suka ƙi, suka ce a hanyar kudu da wannan sama ake gane motar Mubi tun daga nesa.

Hammanjoda ya rasu a damina ta gaba. Levi ya bi gawar har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka gama. Hannun jarin ya shiga rabon gado, ya faɗa wa 'yar Alhaji, Sumayyat, malamar firamare. Farashin kuwa ya hau har ya wuce abin da Alhaji ya biya, sannan ya sauko ƙasa da shi a shekarar da ribar sefa ta janye, sannan ya sake ɗagawa kaɗan. Har yau ba a san wanda ya fi gaskiya a cikin su biyun ba. Abdulrashid yakan kira shi a waya lokaci-lokaci don gaisuwa, Levi ya tambaye shi shekara nawa ake sayarwa yanzu. Wata rana huɗu, wata rana bakwai. Ya ce to, ya gode. Sauran kashi biyun suna nan, bai sayar ba.

Sumayyat ce ta nemo shi a bana. Makarantarsu a Kolere ta yi sabon aji na ƙananan yara, bangon fari fat, tana so a zana musu dabbobi. Hanyar ta lalace da ruwa, keke napep ba ya kaiwa, sai babur. Miriyamu ta ce ya tsufa da hawa babur da gwangwanaye, ya ce zai riƙe da kyau. Yana zuwa da safe ya dawo kafin la'asar, laka har gwiwa. Ya gama raƙumin dawa da giwa da zalɓe. Yaran sun ce suna son kifi, shi kuma ya ce sai ya fara yi musu ruwan da kifin zai zauna, don haka bangon arewa gaba ɗaya yanzu kogi ne, kuma malamai sun ce tun da aka fara shi ba a samu yaron da ya yi fashin zuwa ba.